Amsoshin Takardunku: Yaya makaho zai karanta jadawalin farashi?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Illela na jihar Sakkwato, dab da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Mai tambayar, magatakardan wata ƙungiyar 'yan kasuwa, ya ce duk mako yakan aika wa membobinsu farashin gero da wake da albasa ta WhatsApp, na naira gefe guda, na sefa gefe guda. To akwai wani dattijo makaho a cikinsu da ke ƙorafin wayarsa ba ta gaya masa komai. Shi ne yake tambaya, ina matsalar take?

To malam magatakarda, mun gode ƙwarai. Ai shi ido, kallo ɗaya yake wa jadawali ya gane wannan lamba ta gero ce, waccan ta wake. Kunne kuwa bi yake ɗaya bayan ɗaya. Manhajojin da ke karanta wa makafi allo, irin su TalkBack a wayoyin Android, da VoiceOver da ya shiga iPhone a 2009, da NVDA na kwamfuta wanda kyauta ne, gida-gida suke bin jadawali. In ba a nuna musu taken kowane layi ba, sai mutum ya ji lamba tsirara, bai san ko naira ce ko sefa ba. Ka kuwa san a bakin iyaka wannan ruɗani na iya cinye wa mutum uwar kuɗi.

Muna kyautata zaton hoton takardar kake ɗauka ka aika. Hoto kuwa, sau da yawa "hoto" kawai wayar za ta ce, in ma ta yi ƙoƙarin karantawa sai ta cakuɗa layukan. Saboda haka a WhatsApp ka bar jadawali kwata-kwata, ka rubuta jeri, kowane layi ya tsaya da ƙafarsa: gero, buhu ɗaya, naira kaza, sefa kaza. Sai wake a sabon layi, haka nan. Maimaita kalmar naira sau goma ba zai rage ka da komai ba. Saƙon murya ma yana da kyau, sai dai neman farashin wake a tsakiyarsa aiki ne.

In kuwa a kwamfuta ne, kamar Microsoft Word, yi amfani da jadawalin da manhajar ta tanada, ka ayyana layin farko a matsayin take. Kada ka riƙa tura lambobi da maɓallin tazara don su daidaita a ido. Kada ka haɗe gidaje biyu su zama ɗaya, kada kuma ka bar gida wayam. In albasa ba ta shigo ba, rubuta "babu". Jan launi kaɗai ba ya gaya wa makaho farashi ya tashi, sai ka faɗa da kalma.

Wannan dabara ta jeri ba sabuwa ba ce. A rubutun makafi mai ɗigo shida, wanda Bafaranshe Louis Braille ya wallafa a 1829, layin takarda ba ya wuce gurabe 40 ko makamancin haka, shi ya sa masu juya littattafai kan warware jadawali mai faɗi su mai da shi jeri.

Kafin ka aika na mako mai zuwa, kunna TalkBack a wayarka, ka rufe ido ka saurara. Ko ma dai ka fara tura wa dattijon, ya gaya maka abin da ya ji. Da fatan mai tambaya ya gamsu.