Ƙaramar Fadama A Bayan Ɗaki: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiyar Hausawa Mazauna Gwada

 



Mu dai 'yan kasuwa ne, ba malaman gona ba. Amma abin da ya shafi tukunya ya shafi kowa. Duk mun san jirgin ƙasa da kasuwar doya su suka zaunar da iyayenmu a garin nan. Ƙasa kuwa ta masu masaukinmu ce, Gbagyi, mun kuma zauna da su lafiya. Ko lokacin da shirin Fadama na Bankin Duniya ya zo a farkon shekarun 1990 da injinan ban ruwa, mai fadama shi ya amfana. Mafi yawanmu sai aro ko haya. Daga wajen 2020 kuma fitinar 'yan bindiga ta addabi ƙasar Shiroro, muka ga 'yan gudun hijira a makarantar garin nan da idonmu, gona mai nisa ta zama abin tsoro. Ga shi daga Nuwamba ruwa ya ɗauke sai Afrilu, ganyen miya ya yi tsada.

To, ina mafita? Bari mu ba ku wani labari.

A ƙasashen sanyi akwai wani fure da Turawa ke kira da sunan takalmi, don bakinsa kamar takalmin mata yake. A Ingila masu sha'awa suka yi ta tumɓuke shi, har a 1917 aka ɗauka ya ƙare. Sai a 1930 aka ga guda ɗaya tak a yankin Yokshaya, aka riƙa gadinsa, daga baya masana na lambun Kew da ke Landan suka samu yaɗa irinsa. Wani ɗan'uwansa a Amurka, wanda jihar Minesota ta ɗauka a matsayin furenta, a dausayi yake fitowa, yana kuma shekaru kafin ya yi fure. Wanda ke son sa a gida alhali ba shi da dausayi, sai ya gina nasa: ya haƙa rami, ya shimfiɗa roba, ya cika da ƙasa mai riƙe danshi.

Kada wani ya ce a sayo mana furen. Ba zai rayu a nan ba, don sai ya sha sanyin ƙanƙara na watanni kafin ya tofo, hunturunmu bai kai nan ba. Kuma ba a miya da shi! Dabarar muke so. In mutum zai gina fadama don kallo, mu me zai hana mu gina don tuwo?

Ga yadda muka yi a gidajenmu. A sami wurin da ke samun ranar safe, nesa da bango don kada danshi ya ci gini, nesa kuma da masai. A haƙa rami tsawon ƙafa 8, faɗi ƙafa 4, zurfi ƙafa 2. A tsince duwatsu masu kaifi, a shimfiɗa leda mai kauri ko tsohon tamfol, ya rufe ƙasa da gefuna. A zuba tsakuwa da yashi kamar taƙi ɗaya. Nan ne ma'ajiyar ruwa. A kafa bututun roba a kusurwa, gindinsa cikin tsakuwar, bakinsa a waje. Sannan, a nan fa a saurara da kyau, a huda ledar a gefuna daidai saman tsakuwar. Karon farko mun ƙi hudawa, muna ganin asarar ruwa ce. Cikin mako biyu alayyahu ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe, ramin ya fara wari. Ashe saiwa ma tana numfashi. Danshi take so, ba nutsewa ba.

Bayan haka a cika da ƙasa, yashi da ruɓaɓɓen taki, a lulluɓe sama da ɓuntun shinkafa don kada rana ta shanye. Ta bututu za a riƙa zuba ruwa, shi kuma ya riƙa hawowa da kansa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk sun isa, amma ban da na sabulu. A toshe bakin bututun da tsumma, kada mu je neman miya mu yi kiwon sauro. A ɗan tada gefen ramin saboda kwararar damina, a kuma yi shinge saboda awaki da kaji.

Me za a shuka? Alayyahu, lalo, salak, da na'a-na'a ta shayi a gefe guda, don tana da mamaya. Gwaza ma na son wurin. Albasa kam a bar ta, ba ta son jiƙa. Alayyahu cikin wata ɗaya ko ɗan fiye an fara yanka.

Masu haya, a nemi izinin mai gida kafin a sa diga. Mu baƙi ne, mutunci shi ne jarinmu.

Ba mu ce wannan zai maye gurbin gona ba. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Uwargida za ta tsinki ganye ba ta aiki yaro kasuwa ba, maƙwabci ma ya samu, malamai kuma sun karantar da mu cewa abin da aka ci daga shukar mutum sadaka ce gare shi. Muna roƙon shugabanni, kowace unguwa ta fara da gida ɗaya a ranin bana, a taro na gaba a kawo mana rahoto. Garinmu ma ai sunansa Gwada. To, a gwada!

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu.