Mazurarin Ingila: Manhajar Sakandare a Makarantun Birtaniya na Ƙetare



Bari in fara da gyaran suna. Abin da muke kira manhajar Birtaniya a gaskiya ta Ingila ce, don Sikotland na da nata tsarin da tata jarrabawar. Dokar gyaran ilimi ta 1988 ce ta kafa manhajar ƙasa, ta kasa shekarun karatu mataki-mataki, kuma ita makarantun Birtaniya na ƙetare suka ɗauko, daga Dubai har Legas.

Ni dai in na dubi sakandarensu, mazurari nake gani: baki faffaɗa, ƙasa tsukakke. Daga aji 7 zuwa aji 9 (tun firamare suke fara ƙirga aji, kada ku rikice), yaro ɗan shekara 11 zuwa 14 yana ɗanɗana komai: Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi, labarin ƙasa, harshen waje, zane, kiɗa, kwamfuta. Nan babu abin tsoro.

Ƙarshen aji 9 ne wurin da nake so mu tsaya. A nan ake miƙa wa yaro takardar zaɓen darussan IGCSE, jarrabawar da hukumar Cambridge ta fara yi a 1988, wadda ake shirya mata shekara biyu. Turanci da lissafi da kimiyya dole ne. Sauran ya zaɓa, yawanci su kai takwas zuwa goma duka-duka. Amma akwai wani tarko da iyaye ba su cika lura da shi ba. A lissafi da kimiyya, Cambridge na da takarda iri biyu, ƙarama da babba. Wanda aka rubuta wa ƙaramar, ko da bai kuskure tambaya ɗaya ba, sakamakonsa ba zai wuce C ba. Alhali makarantu da yawa ba sa barin mai C ya ɗauki lissafi a gaba. To ku duba, an rufe wa yaro ƙofar injiniya tun gashin baki bai fito masa ba, uban kuma yana can yana yaba filin wasa da wurin ninƙaya.

Daga nan sai wuyan mazurarin, wato A Level, wadda ta samo asali tun 1951. Darasi uku galibi, shekara biyu cur. Mai son likitanci da wuya ya tsira ba kemistiri. Mai son injiniya sai da lissafi, galibi da fiziks. Ɗanmu mai WAEC kuwa da darasi takwas ko tara yake fita. Ba na raina zurfin A Level. Ɗalibin da ya kwashe shekara biyu yana kokawa da darasi uku ya iya kafa hujja a rubuce, shi ya sa jami'o'inmu ke ɗaukar irinsa kai tsaye aji biyu ta hanyar JAMB. Sai dai zurfin rijiya ne, ba faɗin tafki ba.

Wata magana ta ƙarshe, kan tarihi. Na taɓa zantawa da wata yarinya Bakana 'yar aji 11. Ta zayyano mini sharuɗɗan yarjejeniyar Versailles ta 1919 tiryan-tiryan, har da dalilin da Jamus ta ƙullace su. Da na tambaye ta abin da ya faru a ƙasar Hausa a 1804, sai ta yi murmushi, ta ce, "Baba, wannan ba ya cikin jarrabawa."