SABON GIDA BA YA SAKE HALIN ƊAN SANDA

Jawabin da Magatakardan Jam'iyya ya yi wa 'yan reshe a taron mako

Batun da za mu tattauna yau shi ne ƙaurar hedkwatar 'yan sandan birnin Landan, watau Scotland Yard. Wani zai ce, ina ruwanmu da Landan? To, Turawan Ingila su ne suka kafa mana aikin ɗan sanda, suka haɗa na Arewa da na Kudu a 1930. Saboda haka abin da ya sami na gidansu ya isa mu tsaya mu duba.

Sir Robert Peel ne ya kafa wannan runduna a 1829. Ofishinsu na fari yana Whitehall Place, ƙofar bayansa kuwa tana fita wani titi mai suna Great Scotland Yard, daga nan sunan ya bi su. A 1890 wuri ya yi musu kaɗan, suka koma bakin kogin Thames, cikin wani gini wanda 'yan sarƙa na kurkukun Dartmoor suka fasa dutsensa. A 1967 suka sake tashi zuwa wani dogon bene a titin Broadway. A 2016 kuma suka komo bakin kogi, cikin wani tsohon gininsu da aka gyara, Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi a 2017.

Ga yadda ƙaurar ƙarshe ta kasance. A 2014, zamanin da Boris Johnson yake Magajin Gari, aka sayar da benen Broadway ga wani kamfanin Abu Dhabi a kan fam miliyan 370. Mahukunta suka ce benen ya tsufa, yana cin kuɗi, za a sa ribar a sayen kayan aikin zamani, irin su kyamarar da ɗan sanda ke maƙalawa a ƙirji. Mu ba mu ce ƙarya suka yi ba. Ciniki kam ya yi kyau, gama fam miliyan 250 suka sa wa gidan tun farko. Aka rushe benen, aka gina wa masu hannu da shuni gidaje a wurin.

Amma fa ku lura da abin da ya faru a unguwanni. Talaka ba ya kai ƙara hedkwata. In an fasa masa kanti, ko ɗansa ya ɓata, caji ofis na kusa da shi yake nufa. A 2013 an rufe teburan karɓar ƙara fiye da 60 cikin 136 da ke birnin. A 2017, bayan Sadiq Khan na jam'iyyar Leba ya karɓi kujerar, aka rufe kimanin rabin waɗanda suka rage, shi kuwa ya ce gwamnati ce ta rage kuɗin 'yan sanda. Jam'iyya biyu ke nan, kowacce da hujjarta, amma tsohuwar da ke takawa zuwa caji ofis da ƙafa, sai ta nemi kuɗin mota. Aka ce mata ta buga waya ko ta rubuta ta intanet. Wanda bai iya ba fa?

Sa'an nan ga babbar magana, watau hali. A 1993 wasu samari farar fata suka kashe wani saurayi baƙar fata, Stephen Lawrence, 'yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi. A 1999 alƙali Macpherson ya bayyana cewa wariyar launin fata ta yi saiwa cikin tsarin rundunar. Lokacin nan suna Broadway. A 2021 wani ɗan sandan rundunar ya sace wata mata ya kashe ta. Aka sa Baroness Casey bincike, a 2023 ta ce wariyar nan tana nan, ga kuma wulakanta mata. Lokacin nan suna cikin sabon gida. Shekara 24 tsakanin binciken biyu, an sake bango, an sake kujeru, cutar kuwa ta bi kaya.

'Yan'uwa, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mu ba maƙiyan ɗan sanda ba ne. Kurtu ɗan talaka ne kamarmu, ba kuwa ma son ya zauna a ofis mai yoyo. Amma duk ranar da masu mulki suka zo da batun ɗauke ofishin 'yan sanda daga wannan wuri zuwa wancan, wajibi ne wakilanmu su tashi a majalisa su yi tambaya. Wa zai sayi tsohon filin, nawa kuma, a gaban wa? Ina kuɗin za su shiga, wa zai duba lissafin? Mil nawa mai ƙara zai ƙara kafin ya kai bakin tebur? Wanda ɗan sanda ya zalunta, wace ƙofa aka buɗe masa da ba 'yan sanda ke tsaronta ba?

In sun amsa waɗannan a fili, a rubuce, za mu ɗaga hannu tare da su. In sun ƙi, kowane reshe ya tara sa hannun mutanen unguwarsa, mu kai wa majalisa. Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.