Lacca a kan Makullin Mota Mai Rimot: Abin da Ya Kamata Hakimai da Malamansu Su Sani

An shirya wannan lacca domin hakimai, waɗanda a ƙasar Sakkwato a ke kira iyayen ƙasa, da kuma malamansu, musamman na garuruwan bakin iyaka irin Illela. Garin Illela yana arewa da birnin Sakkwato da fiye da kilomita 80, yana kallon Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar. Kowa ya san motar hakimi ba ta hakimi kaɗai ba ce. Ita a ke nema in naƙuda ta yi gardama da dare, ita a ke shiga in rikici ya tashi tsakanin manomi da makiyayi. To, yanzu sau da yawa irin wannan mota ta kan ƙi tashi, inji lafiya, mai a cike, domin wani ɗan batir da bai fi kwabo girma ba ya mutu a cikin makulli.

Yadda makullin ya ke

Kamfanin Renault na ƙasar Faransa ya fara sa wa mota rimot na buɗe ƙofa a 1982. Daga 1998 dokar Jamus da ta Ingila suka tilasta a sa wa kowace sabuwar mota na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinsa na ainihi. Saboda haka makullin zamani abu uku ne a haɗe. Na farko ƙarfen makulli. Na biyu rimot, wanda ke aika saƙo ta iska zuwa ga mota, shi ne kuwa mai cin batir. Na uku wata 'yar ƙwaya mai lambar asiri, wadda mota ke tambaya kafin ta yarda ta tashi. Ƙwayar nan ba ta bukatar batir, domin daga jikin motar ta ke samun ƙarfi in an kusanta ta ƙwarai. Wanda ya gane wannan ya gane cewa mutuwar batirin makulli ba ta isa ta kwantar da mota ba.

A fara gano inda ciwon ya ke

Kada direba ya yi gaggawar fasa gilashi ko kiran mai yanke waya. Ya fara gwada makulli na biyu. In na biyun ya buɗe mota, laifin na makullin farko ne. In duka biyu sun ƙi, a duba babban batirin mota: a kunna fitila, a danna ham. In fitila ta yi dishi-dishi, ham kuma ya shaƙe, to, makulli ba shi da laifi, sai a duba kan batir ko ya kwance ko ya yi tsatsa. Har wa yau, wani lokaci kusa da dogon ƙarfen rediyo ko na wayar salula saƙon rimot ya kan shaƙe; matsar da makulli dab da ƙofa ya kan isa.

Batirin makulli kuwa ba ya mutuwa sai ya yi gargaɗi. Makullin da ke buɗe mota daga bakin zaure sai ya koma ba ya buɗewa sai an zo jikinta, ko sai an danna sau uku sau huɗu. Wannan ita ce ranar canja batir.

Shiga mota da tayar da ita

Kusan kowane rimot yana da siririn ƙarfen makulli ɓoye a cikinsa, a kan zare shi in an tura wani ɗan maɓalli a gefe ko a baya. Ramin makullin yana ƙofar direba; a waɗansu motoci an rufe shi da murfin roba a jikin mariƙin ƙofa, sai a ɓalle murfin a hankali. Mai yiwuwa ne mota ta yi kuwwar ɓarawo sa'ad da aka buɗe ta haka, amma ta kan yi shiru da zarar an tayar da inji. In mota mai maɓallin tayarwa ce, direba ya taka birki, ya manna rimot a jikin maɓallin, sa'an nan ya danna. Waɗansu motoci suna da rami na musamman inda a ke sa rimot, littafin motar ya nuna wurin.

Canja batir

A buɗe rimot a kan tebur mai tsabta, a sa ƙarfen makulli ko bakin kwabo a tsagar da ke gefe, a murɗa kaɗan. Kafin a cire tsohon batir a lura da fuskar da ke sama, domin a mayar da sabo haka nan. Lamba tana rubuce a bayansa. CR2032 ya fi yawa: faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, ƙarfinsa bolt 3. CR2025 faɗinsu ɗaya, amma kaurinsa 2.5, saboda haka in an sa shi a gurbin na farko zai yi lako-lako, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. A sayi mai lamba daidai, cikin kwalinsa a rufe, a guji wanda ya kwana biyu a rana bisa tebur a kasuwa. Araha ba ta ado. Batir mai kyau ya kan kai shekara 2 ko 3, amma rimot ɗin da ba a zura shi a mota ya fi ci, tun ba in ana ajiye shi kusa da waya ko talabijin ba.

Ƙura da zafi da ruwa

Ƙurar hunturu ta kan shiga ƙarƙashin maɓallai, zafin bazara kuma, wanda a ƙasar Sakkwato ya kan haura digiri 40, ya kan lalata batir in an bar makulli a gaban mota. In makulli ya faɗa ruwa, ko an wanke shi cikin aljihun riga, kada a danna shi. A cire batir nan da nan, a goge cikin da auduga da ɗan sifirit, a bar shi ya bushe a inuwa kwana ɗaya ko biyu. In an sa sabon batir bai yi ba, watakila dalmar da ta riƙe mazaunin batir ko maɓalli ta saki, mai gyaran waya yana iya manne ta. In kwanson ne ya fashe, a sayi kwanso kawai, a mayar da kayan ciki duka, kada a manta 'yar ƙwayar nan, domin in ta faɗi mota ba za ta tashi ba.

Sabon makulli

Motocin wannan yanki da yawa 'yan Kwatano ne, waɗansu daga Amurka, waɗansu daga Turai. Rimot na Amurka yawanci a zango 315 ya ke magana, na Turai a 433. Biyu na iya zama kama ɗaya a ido, amma wannan mota ba ta jin na waccan. A duba lambar bayan tsohon kafin a biya kuɗin sabo. Sabon kuma ba ya aiki sai mai na'ura ya haɗa shi da kwamfutar mota. In makulli ɓata ya yi, a sa shi ya goge lambar ɓataccen daga ƙwaƙwalwar motar, don kada wanda ya tsinta ya zo da dare.

A nan ne aikin malamin hakimi ya ke. Na'urar da ke taimakon mai mota ita ce ke taimakon ɓarawo, garin iyaka kuwa motar sata ba ta daɗewa ta ƙetare. Tun 1 ga Janairu 2017, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, duba takardun kwastan ya ƙara zama wajibi. Kada malami ya rubuta wa kowa shaidar cewa mota tasa ce sai ya ga takardunta, ya gwada lambar jikin mota da ta takarda. Masu yin makulli kuma a gargaɗe su su riƙa rubuta sunan mai mota da lambarta a littafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hatsari ga yara

Wannan ya fi duk abin da ya gabata nauyi. Batirin nan yana ƙyalli kamar alewa, yaro ƙarami ya kan haɗiye shi. In ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2, ko da batirin ya gaza tayar da rimot. Kada a sa yaron amai, kada a jira a ga alama. A kai shi asibiti nan take, a faɗa wa likita abin da ya haɗiye domin a ɗauki hoto. Tsohon batir a naɗe shi da salatif, a jefar inda yara ba su kai.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan lacca ga direbobinsu, da dagatai da masu unguwa, da shugabannin tashar mota ranar Lahadi da kasuwar Illela ke ci. Kowane ofis ya ajiye makulli na biyu a akwatin malami, tare da sabon batir ɗaya da takardar lambarsa. Allah ya kiyaye hanya, ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin.