Katin RAID da Layin Umarni: Duba Kafin Ka Buga, Ka Kuma Ci Gaba da Dubawa

Yau za mu shiga ɗakin saba ne, mu yi magana kan yadda ake haɗa faifai da yawa su zama rumbu ɗaya, wato RAID, da yadda ake saita katin da ke kula da su daga layin umarni. Masu karanta rubutun shirin, kowane umarni na ajiye shi a layinsa domin ku ga yadda ake buga shi.

Bari in fara da abin da nake so ku tafi da shi ko da kun manta sauran. Haɗa RAID aikin minti biyar ne. Abin da ke cinye bayanan mutane abu biyu ne: buga umarni kafin a duba, da kuma barin saba ba mai leƙa ta bayan an gama. To, mu je.

Shi RAID ba sabon abu ba ne. A 1988 wasu masana uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar da takardar da ta yaɗa sunan. Tunaninsu shi ne, maimakon a sayi babban faifai ɗaya mai tsada, a haɗa ƙanana masu araha, a tsara su yadda ko ɗaya ya mutu aiki ba zai tsaya ba. Har yau a kan wannan tunanin ake tafiya.

Katin da zan yi misali da shi shi ne MegaRAID. A da na kamfanin LSI ne, Avago ya sayi LSI a 2014, daga baya kuma ya sayi Broadcom a 2016 ya ɗauki sunan. Manhajar da ake masa magana da ita sunanta StorCLI, ita ta gaji tsohuwar MegaCLI. Idan sabarka Dell ce mai katin PERC, irin na hannu ɗin nan da ake shigowa da su, manhajarka perccli ce, kuma tsarin umarninsu ɗaya ne, sunan farko kawai za ka canja.

Wani zai ce, ai akwai allon saiti da ake shiga lokacin da saba ke tashi, me ya kawo wahalar rubutu? Amsar ita ce, kafin ka shiga wancan allon sai ka kashe sabar ka sake kunna ta, ka kuma kasance a gabanta. Da layin umarni kuwa, kana gida ka shiga ta SSH, mutane na ta aikinsu, kai kana ganin lafiyar kowane faifai.

Mataki na farko, kallo. Kada ka haɗa komai tukuna. Buga wannan:

storcli64 /c0 show

Wannan c0 ɗin yana nufin kati na farko, domin daga sifili ake fara ƙirga. Zai nuna maka irin katin, da rumbunan da ke kansa, da faifan da yake gani. Sai ka bi shi da wannan:

storcli64 /c0/eall/sall show

A nan za ka ga kowane faifai da adireshinsa, lamba biyu da ɗigo biyu a tsakani, misali 252:3. Ta farko lambar akwatin da faifan ke ciki ce, ta biyu kuma lambar ramin da aka cusa shi. A sabar Dell sau da yawa 32 za ka gani a maimakon 252, don haka kada ka kwafi lambata, ka karanta taka. Sannan ka dubi halin kowanne. UGood, lafiyayye ne kuma ba a ba shi aiki ba. Onln, yana cikin wani rumbu yana aiki, kada ka taɓa shi. UBad, katin bai yarda da shi ba. Kuma kada ka tsorata in ka ga faifan terabait 8 an rubuta masa 7.27. Ba cutarka aka yi ba, masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga, kwamfuta kuma da 1024.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata mu tsaya a kansa. Idan aka ciro faifai daga wata saba aka sa a taka, ko aka canja kati, za ka ga harafin F a gefensu. Ma'ana suna ɗauke da tsarin wani rumbun da wannan katin bai sani ba. Idan faifan da ka sayo ne na hannu kuma ba ruwanka da abin da ke ciki, sai ka share tsarin. Amma idan naka ne, tsohon katinka ne ya ƙone ka sa sabo, to wannan F ɗin shi ne taswirar bayananka. Ka fara da wannan:

storcli64 /c0/fall import preview

Zai nuna maka abin da zai dawo da shi ba tare da ya taɓa komai ba. In ka gamsu, ka cire kalmar preview ka sake bugawa. Wanda ya yi gaggawa ya buga del a wannan wurin ya yaga taswirar da hannunsa.

Mataki na biyu, zaɓen irin RAID. Mu ɗauka kana da faifai shida, kowanne terabait 8. RAID 0 zai ba ka 48 cif, ga gudu, amma ɗaya ya mutu komai ya tafi. RAID 5 zai ba ka 40, yana jure mutuwar ɗaya. RAID 6 zai ba ka 32, yana jure mutuwar biyu. RAID 10 zai ba ka 24, faifan bibbiyu ne kowanne da tagwayensa, ya fi saurin rubutu, shi ya sa ake son sa wajen rumbun bayanai mai yawan shige da fice.

Na san ido zai tafi kan 40 ɗin nan, musamman in mai kuɗin yana tsaye yana tambaya me ya sa ya biya 48 za a ba shi 32. To ga lissafin da za ka yi masa. Ranar da faifai ɗaya ya mutu a RAID 5, ka sa sabo, katin sai ya karanta sauran biyar ɗin daga farko har ƙarshe kafin ya sake gina wanda ya ɓata. A ce yana rubuta megabait 150 a daƙiƙa, terabait 8 zai ci wajen awa 15, wannan ma in ba kowa a kan sabar. In ana aiki a kanta, abin ya kan kai kwanaki. Duk tsawon wannan lokacin ba ka da kariya ko ɗaya. Ga shi faifan rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha, tare suka tsufa, kuma yanzu ne aka ɗora musu aikin da ya fi kowanne nauyi. Ƙari a kan haka, takardar bayanin faifai irin na gida kan nuna cewa ana iya samun gurbi ɗaya da ba ya karantuwa a cikin kusan terabait 12.5 na karatu, kai kuma 40 za ka karanta. Shi ya sa da manyan faifai shawarata RAID 6 ce ko 10.

Mataki na uku, haɗawa:

storcli64 /c0 add vd type=raid6 drives=252:0-5 wb ra direct pdcache=off

Kafin ka danna, sake karanta lambobin ramukan, ka gwada su da jerin da ka gani ɗazu. Layin umarni ba ya lallashi.

Yanzu ku ba ni hankalinku kan haruffan nan biyu, wb, domin a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama. Katin yana da ɗan ƙwaƙwalwarsa ta wucin gadi. In ka zaɓi wt, sai bayani ya sauka a kan faifai sannan katin zai ce an rubuta. A hankali yake, amma ba ƙarya a ciki. In ka zaɓi wb, da zarar bayani ya shiga ƙwaƙwalwar katin zai ce an rubuta, daga baya ya sauke shi. Gudun ya fi, sosai ma. To amma a ce an ɗauke wuta a tsakanin nan, kafin janareta ya tashi. Manhajarka ta riga ta yarda an ajiye kuɗin da wani ya tura, alhali bai taɓa faifai ba.

Maganin wannan shi ne batirin katin. Tsofaffin katuna batir suke da shi, yana riƙe ƙwaƙwalwar kamar kwana biyu ko uku in yana da lafiya. Sababbi suna da CacheVault, wanda ke kwashe abin da ke ƙwaƙwalwar ya juye shi a ma'ajiyar da ba ta buƙatar wuta. Ka duba wanda kake da shi:

storcli64 /c0/bbu show
storcli64 /c0/cv show

Kyawun wb shi ne, in batirin ya lalace katin da kansa zai koma wt. Sai ka ji mutane na ƙorafi saba ta yi nauyi. A nan ne wani zai shiga intanet ya samo awb, wanda ke cewa katin ya ci gaba da wb ko da batir ko babu. Gudu zai dawo nan take, kowa ya yi ta yabonsa, har ranar da wuta ta ɗauke. Don Allah kada ku yi haka. Batir ya mutu, a sayi batir. Kuma kada ka ce ai akwai UPS ko inbata, su ma batir ne, kuma a zafin nan namu ba sa daɗewa. Shi kuma pdcache=off da na sa a ƙarshe, yana kashe ƙwaƙwalwar da ke jikin faifan su kansu ne, domin batirin katin bai kai gare ta ba.

In kana da faifai na bakwai, mayar da shi safaya, kamar tayar da ke bayan mota:

storcli64 /c0/e252/s6 add hotsparedrive

Ɗaya na mutuwa, katin zai jawo shi ya fara sake gini ko da tsakar dare ne, ba sai ya jira ka ba.

Mataki na huɗu, ɓangaren Linux. Shi Linux bai san faifai shida ne ba, guda ɗaya babba yake gani. Buga lsblk ka tabbatar da sunansa ta hanyar girmansa, kada ka yi zaton sdb ne don haka ka saba gani. Ni na fi son a ɗora LVM a kai:

pvcreate /dev/sdb
vgcreate rumbu /dev/sdb
lvcreate -L 10T -n ajiya rumbu
mkfs.xfs /dev/rumbu/ajiya

Kun lura 10 kawai na yanka, na bar sauran. Da gangan ne. Ƙara girma abu ne mai sauƙi, lvextend da -r ya wadatar, ana cikin aiki ma. Rage girman XFS kuwa ba hanyarsa ba ce, sai dai ka kwashe ka sake. Don haka fara da kaɗan. Kuma a fayil ɗin fstab ka yi amfani da UUID da blkid zai ba ka, domin sunaye irin su sdb kan sauya wuri bayan an sake kunnawa.

Mataki na biyar shi ne wanda aka fi watsi da shi, sa ido. RAID mai kyau yana ɓoye ciwonsa. Faifai zai mutu, ba wanda zai ji komai, aiki na tafiya. Wata uku, wata shida, sai na biyu ya bi shi, sannan a ce saba ta mutu farat ɗaya. Ba farat ɗaya ba ne, ta daɗe tana ɗingishi ba wanda ya leƙa. Umarnin dubawa gajere ne:

storcli64 /c0/vall show

Optl, lafiya lau. Pdgd ko Dgrd, an rasa faifai, tashi tsaye. Ka rubuta ɗan shiri a cron da zai riƙa buga wannan kullum, in bai ga Optl ba ya turo maka imel ko saƙo a waya. Ka kuma tabbatar sintirin katin na kunne, wanda ke zagaya faifai yana neman gurbin da ya lalace tun kafin ranar buƙata. Da show patrolread ake ganinsa.

Ranar canja faifai kuma, kada ka ƙirga ramuka da yatsa. Ka sa katin ya nuna maka:

storcli64 /c0/e252/s3 start locate

Fitilar wannan ramin za ta fara ƙyaftawa. A RAID 5 da ya riga ya rasa ɗaya, in ka zaro lafiyayye a maimakon matacce, kai ne ka zama faifai na biyu da ya mutu.

Na ƙarshe, RAID ba ya maye gurbin ajiyar kwafi. In ka goge fayil, katin zai goge shi a dukkan faifan da biyayya. In manhajar masu neman kuɗin fansa ta kulle bayananka, a kulle zai ajiye su. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniya a GitLab ya goge babban rumbun bayanansu bisa kuskure, suka juya ga hanyoyin ajiyar kwafinsu suka tarar yawancinsu ba sa aiki, suka yi asarar bayanan kusan awa shida. Ba faifan da ya mutu a ranar. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini dabam. Kuma lokaci zuwa lokaci ka gwada dawo da fayil daga kwafin, ka ga da idonka yana buɗewa.

Aikin gida na wannan makon: duk mai saba a hannunsa, ya je ya buga umarni biyu, na duba rumbu da na duba batir. Kallo ne kawai, ba sa canja komai. Ku rubuto mana abin da kuka gani a wurin sharhi, in akwai kalmar da ba ku gane ba ku kwafo ta mu warware tare. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki mdadm, domin waɗanda ba su da kati sam suna so Linux ya yi musu aikin da kansa.