Kafin Ki Biya Kuɗin Shafin Intanet: Jawabin Zaman Mata na Wannan Watan



  An ce in yi magana a kan shafin intanet na sana'a da na ƙungiya, saboda tun da aka fara cike takardun neman tallafi mata ke ta kirana, wai an ce su rubuta adireshin shafinsu, su kuma ba su da shi. Wasu har sun ba da kuɗi an yi musu, wasu suna shirin bayarwa. Wannan aikin shi ne sana'ata, da shi nake ci nake sha, amma yau zan faɗi abubuwan da za su rage min ciniki. Ba komai, gara ku ji daga bakina.

Da farko dai, ba kowace mai sana'a ce ke buƙatar shafi ba. Idan awara kike soyawa ko ɗanwake, ko kitso kike yi, kuma masu cinikinki 'yan unguwa ne, don Allah ki riƙe kuɗinki ki ƙara a jari. Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, yana da wurin jera kaya har guda 500, kowanne da hotonsa da farashinsa. Idan kina da shago, a saka miki shi a taswirar Google, shi ma kyauta ne, duk wanda ya nemi irin kayanki a kusa zai gan ki. Waɗanda shafi zai yi wa amfani su ne masu tura kaya wasu garuruwa, masu sayar da sari, masu makarantu, masu ɗinki da ke karɓar aikin biki daga nesa, sai kuma ƙungiyoyinmu na gama kai da na tallafa wa marayu da zawarawa, waɗanda ke neman hulɗa da mutanen da ba su san su ba.

Wata za ta ce, ai ina da Facebook, ina da Instagram, me kuma zan yi da wani shafi? Ki riƙe su, suna da amfani. Amma ki sani rumfa ce aka ba ki a kasuwar wani. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya kusan awa shida, wasunmu sun tuna, har muna zargin data ce ta ƙare. A shekarar ce kuma aka dakatar da Twitter a Najeriya, daga Yuni 2021 har zuwa Janairu 2022. Ba ma sai an je nan ba, mata nawa a zauren nan aka yi wa kutse aka ƙwace musu shafin Facebook da mabiyan da suka yi shekaru suna tarawa? Shafin da ke da sunanki, shi ne naki.

To amma fa sai in da gaske naki ne, kuma a nan ake cutar mu. Ina so ku ba ni hankalinku sosai.

Shafin intanet abu uku ne. Akwai suna, wato adireshin da ake rubutawa a same ki. Akwai masauki, wato kwamfutar wani kamfani da ake ajiye hotunanki da rubutunki a ciki, wadda ba a kashe ta dare da rana. Sannan akwai ginin kansa, wanda irinmu ke yi. Ginin ne ake biya sau ɗaya. Suna da masauki kuwa haya ne, duk shekara ake sabuntawa, kamar hayar shago a Kantin Kwari. Idan wa'adi ya cika ba a biya ba, shafin zai ɗauke, a ɗan jira ki, bayan nan a saki sunan, duk wanda ya ga dama ya kama. Sunayen da ke ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su a ƙasar nan. Mai sana'a ta ɗauki .com.ng, ƙungiya ta ɗauki .org.ng. Kuɗin sunan a shekara bai kai na turmin atamfa mai kyau ba, kuma da naira ake lissafinsa. Shi kuwa .com asalin farashinsa da dala ne, in dala ta tashi shi ma sai ya bi ta.

Akwai wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da suka zo wurina suna kuka. Wani yaro ne ya yi musu shafi, kuma gaskiya ya yi kyau. Suka buga adireshin a jikin galan, a jikin leda, a kati, har a allon ƙofar ofishinsu. Ashe da imel ɗinsa da lambar wayarsa ya yi rajistar sunan. Ya tafi bautar ƙasa, ya canja layi. Saƙon tunatarwa na ta zuwa masa, su ba su sani ba. Ranar da wani mai sari ya kira ya ce shafinsu ba ya buɗewa, aka duba, wa'adi ya wuce tuntuni, wani ya riga ya kama sunan. Na nema musu sabon suna, amma leda dubbai da suka buga da tsohon adireshi fa? Haka suka zauna suna liƙa takarda a kai ɗaya bayan ɗaya. Yaron nan ba ɓarawo ba ne, sakaci ne, nasa da nasu. Zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, ranar da za a yi rajistar suna, ki zauna a wurin. A yi da imel ɗinki da lambarki. Idan ba ki da imel, a buɗe miki a gabanki, ke za ki zaɓi kalmar sirri. Idan ƙungiya ce, a buɗe imel na ƙungiya, shugaba da sakatariya da ma'aji su san kalmar sirrin, a rubuta a littafin ƙungiya tare da ranar da hayar za ta ƙare. Duk mai ginin da ya ce miki "Hajiya ki bari kawai, ni zan riƙe komai", ki yi masa godiya ki nemi wani. Ko ɗan cikinki ne, ki karɓi mabuɗinki.

Yanzu sai abin da za a zuba a ciki. Yawancin masu zuwa wurina da maganar launi suke farawa. Wannan ta ce kore take so, waccan ta ce a sa mata fure yana juyawa. In na ce to me za mu rubuta, sai a yi shiru. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ki kira kowa, ki samu takarda da biro, ki buɗe WhatsApp ɗinki, ki duba tambayoyin da masu ciniki suka yi miki a wata ɗaya da ya wuce. Za ki ga kusan iri ɗaya ne suke ta maimaituwa. Nawa ne? Akwai wani launin? Kuna kaiwa Kaduna? Kwana nawa yake yi a hanya? In bai yi min ba zan iya dawo da shi? Amsoshin nan su ne shafinki. Aikin mai gini shi ne ya jera su yadda za a gani da sauri, amma ba zai san sana'arki fiye da ke ba.

Maganar farashi kuwa, na san akwai masu saɓa min. Mun saba da "ki biyo ni ta ciki", muna tsoron maƙwabciya ta gani ta karya kuɗi. Ni dai ra'ayina ki rubuta. Maƙwabciyar taki in tana son sani, ƙanwarta za ta tura ta tambaye ki. Baƙuwar da ke Abuja kuwa, in ba ta ga farashi ba, wucewa za ta yi wurin wadda ta rubuta. In kayan naki irin masu hawa da sauka ne, kamar hatsin da ake sarowa a Dawanau, ki rubuta ranar da kika sa farashin a gefensa. Masu abinci na leda, man shafawa da sabulu, wadda ta samu lambar NAFDAC ta sa ta a fili. Wadda ba ta samu ba kada ta ari ta wani, laifi ne babba. Kuma kada a rubuta cewa abu yana warkar da cuta kaza da kaza don kawai a ja ciniki.

Ga ƙungiyoyi, iyayena ku yi min afuwa. Shafin farko ba wurin katon hoton shugaba da doguwar barka da zuwa ba ne. Wanda zai ba da tallafi yana da takardu tuli a gabansa, minti ɗaya ko biyu zai ba ku. Yana so ya ga su wane ne ku, a wace ƙaramar hukuma kuke aiki, me kuka yi bara, mutum nawa suka amfana, nawa aka kashe. A sa lambar rajistar CAC, domin kowa na iya shiga shafin hukumar ya duba sunan ƙungiya ya tabbatar. Asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya. Da zarar baƙo ya ga an ce a tura gudummawar marayu a asusun mutum ɗaya, ko da amintacciya ce kamar uwarsa, jikinsa zai yi sanyi. Hoton shugabanni da tarihin kafuwa suna da wurinsu a ciki, wanda ke so zai shiga ya karanta.

Hotuna ku ɗauki naku. Kada a kwaso hoton leshi mai ƙyalli daga intanet, a kai wa mata wani abu dabam, daga nan amana ta tafi. Ki fito da kayan tsakar gida da safe, ki shimfiɗa farin zane, ki goge idon kyamara, ya isa. Sai dai hoton waya nauyi gare shi, ɗaya na iya kai megabait uku ko huɗu. A jera goma a shafi ɗaya, mai ƙaramar data ta gudu kafin ya buɗe. Ki ce wa mai gini ya rage musu nauyi.

Akwai abin da ke ci min rai, shi ne hoton marayu da zawarawa riƙe da buhun shinkafa, fuska a waje. Yarinyar nan za ta girma, hoton yana nan. A nemi izini, na yara a wurin iyaye ko masu riƙonsu, ko a ɗauka ta baya, ko a nuna kayan kawai. Kuma doka ce yanzu. A Yuni 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa, akwai hukumar NDPC da ke sa ido a kai. Kada ku ɗora jerin sunayen mambobi da lambobin wayarsu a shafi, 'yan damfara da masu damun mata da kira abin da suke nema ke nan. Idan kun sa fom na rajista, ku tambayi abin da kuke buƙata kawai. Me ƙungiyar adashe za ta yi da BVN ɗin mutane a shafin intanet? Mai sana'a a cikin gida ita ma ba dole ta sa lambar gida ba, ta ambaci unguwa, sauran kwatance sai an yi waya.

Harshe kuma, ki rubuta da wanda mai cinikinki ke ji. Idan Hausawa ne, Hausa, kuma a sa ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, domin kafa dabam ƙafa dabam. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa. Ƙungiyar da ke neman tallafi daga waje ta yi Hausa da Turanci, amma a samu mutum ya duba fassarar, kada a dogara da na'ura ita kaɗai.

Idan an ce an gama, kada ki yarda a nuna miki a babbar kwamfuta a ofis mai sanyi. Ki karɓi adireshin, ki buɗe a ƙaramar wayar 'yarki, a ɗakin da sabis ba ya kamawa sosai. Ki miƙa wa wata dattijuwa ki ce ta nemo miki farashin abu kaza da lambar waya, ke kuma ki yi shiru ki kalla. In ta rasa, aikin bai gamu ba. Rubutu ya zama manya, lambar waya ta zama in an taɓa ta kira, a sa maɓallin da ke kai mutum WhatsApp ɗinki kai tsaye. Ki duba adireshin ya fara da https, in ba haka ba waya za ta riƙa gargaɗin mutane cewa shafin ba shi da tsaro. Ana samun wannan kariyar kyauta, kada a caje ki kuɗi mai yawa a kanta.

Wata 'yar shawara tsakaninmu: shafin sana'a a bar shi na sana'a. Tutarmu da fostarmu suna da wurinsu, mun san inda muke kafa su. Mai sayen turaren wutarki ba ki san wa ta zaɓa ba, kuma kuɗinta bai da launi.

Kuɗin aiki kada a biya duka a tashi ɗaya. A rubuta yarjejeniya ko a takarda ɗaya ce, da shaida: shafuka nawa, yaushe za a gama, wa zai biya sabuntawa, nawa ne gyara daga baya. Wani kaso a farko, sauran ranar da aka miƙa miki kalmomin sirri kika shiga da hannunki. Ki ce a gina miki da abin da za ki iya canja hoto da farashi da kanki, kamar WordPress, kuma a koya miki ko a koya wa 'yarki kafin a rabu. Na sha ganin shafin da har yanzu yake tallan kayan sallar shekara uku da ta wuce. Duk wanda ya gani zai ɗauka an rufe sana'ar. A ƙungiya a naɗa mace ɗaya da sunanta wadda za ta riƙa duba shi duk wata, kada a ce aikin kowa ne.

Waɗanda aka riga aka yi wa shafi, yau ɗin nan ku kira wanda ya yi, ku tambaye shi da imel ɗin wa aka yi rajistar suna, kuma wace rana hayar za ta ƙare. In nasa ne, ku ce ya mayar da shi naku, ana iya yi. Masu shirin yi kuma, ku zo zama na gaba da takardar tambayoyin masu cinikinku, Hajiya Shugaba ta amince a ba mu rabin awa bayan an tashi, mu duba tare. Shugabannin mazaɓu, don Allah a karanta wa waɗanda ba sa iya karatu.