Wakafin Ƙasa Da Amanar Dazuzzuka

 

Ba zan tsare ku da bayanin gurgusowar hamada ko ƙarancin itacen girki ba, domin babu wanda ya zo zauren nan bai san su ba. Mas'alar da ta kawo ni ita ce wadda na daɗe ina jayayya a kanta da abokan aikina masana gandun daji, wato cewa daji da gona da filin jama'a ba su tsira daga hannun mai haɗama, komai tsananin doka da yawan masu gadi, sai an danƙa su ga wanda tsaronsu ya wajaba a kansa, alhali kuwa ba shi da ikon sayar da su.

Mu fara da hukuma, tunda ita ake nuna mana kullum. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, kuma daga cikin makiyayu fiye da 400 da ake lissafawa a ƙasar nan, wajen sulusi ne kaɗai aka tabbatar a gazet. Sa'an nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tattara ƙasar kowace jiha ta sa a hannun gwamna bisa amana, amma sashe na 28 na dokar ya ba shi ikon soke haƙƙin mallaka saboda maslahar jama'a, kuma shi ne mai fassara maslahar. To, idan mai riƙon amana shi ne mai rabo, shi ne mai sa hannu a takardar fili, kuma wa'adin mulkinsa shekara huɗu ne alhali kuka tana bukatar ƙarni, me ake tsammani? Hausawa sun riga sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Dajin Rugu da na Kamuku, da aka keɓe da sunan kowa, sun wayi gari ba na kowa ba, har suka zama maɓoyar ɓarayi. Birnin Kano kuwa, wanda Bature matafiyi Barth ya tarar a 1851 da gonaki da sarari masu yawa a cikin ganuwarsa, an cike kududdufansa an yi gini, ruwan damina ya rasa masauki sai ɗakunan talakawa.

Ana ce mini talaka ne mai sare daji. Amsata tana Maraɗi da Damagaram, inda tun bayan farin 1984 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu suna yi musu aski, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 sun farfaɗo, da zarar manomi ya sakankance cewa itacen nasa ne, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara a kansa ba. Sai dai mallakar mutum ɗaya tana da nata rauni, domin gado yana yanyanka gona, dillali kuma yana jiran ranar da magada za su matsu.

Turawa sun gano maganin wannan a ƙarshen ƙarni na 19. A jihar Masacusets ta Amurka aka kafa ƙungiyar amintattu ta farko mai riƙe ƙasa domin jama'a a 1891, a Ingila kuma Octavia Hill da abokanta biyu suka kafa National Trust a 1895, wadda majalisa ta ba ta iko a 1907 ta ayyana ƙasarta a matsayin wadda ba a sayarwa, ba a jinginarwa. Yau tana riƙe da wajen hekta 250,000. Irin waɗannan ƙungiyoyi a Amurka sukan bar manomi a gonarsa yana noma, su rubuta sharaɗi a takardar gonar cewa ba za a mai da ita filotai ba, sharaɗin kuma ya bi ƙasar ko ta koma hannun wa.

Na kawo misalin Turawa ne saboda masu jin magana sai ta fito daga ƙetare, amma asalin hukuncin yana cikin littattafan da ke zaurukanmu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya sami ƙasa a Haibara wadda bai taɓa mallakar dukiyar da ta fi ta daraja ba, ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, shi kuwa ya sharɗanta kada a sayar, kada a bayar kyauta, kada a gada. Wannan shi ne hubusi ko wakafi, kuma sharuɗɗan nan uku su ne ƙofofi uku da ƙasa take salwanta ta cikinsu a wurinmu. Haka nan Annabi ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin kiwon dawakin Musulmi, Umar ya keɓe Rabaza domin raƙuman zakka, kuma a kan wannan turba Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da ake keɓanta da mataccen fili. Hurumin gari da burtali da mashaya da kakanninmu suka bari, fiƙihu ne aka shimfiɗa a ƙasa.

Akwai wani lauya da yakan tare ni da cewa tun 1978 babu mai mallakar ƙasa a Nijeriya, haƙƙin zama kawai ake da shi, saboda haka babu abin da za a yi wakafi da shi. Da ya buɗe Muhtasar na Shehu Halilu a babin wakafi, da ya ga cewa a mazhabarmu ta Malikiyya ya inganta mutum ya yi wakafin amfanin abin da yake riƙe da shi ko da ta hanyar haya ne, kuma ba a sharɗanta dawwama ba, ana iya yin sa zuwa wani ajali. Abin da malamanmu suka tsananta a kai shi ne hauzi, wato abin ya fita daga hannun mai bayarwa zuwa hannun naziri, mai kula da wakafin, tun yana da rai da lafiya, kafin bashi ya cinye dukiyarsa. Ashe mai takardar fili ta shekara 99 yana da abin bayarwa, mai gonar gado ma haka. Na sani wakafi bai shafe sashe na 28 ba. Amma ƙasar da take da naziri mai rajista dole a aika masa da sanarwa a rubuce, yana da bakin zuwa kotu, gandun hukuma kuwa ranar da za a yanka shi babu wanda ake sallama wa.

Masu cewa gari yana bukatar gidaje, ban hana gini ba, na ce ne a san inda ba a ginawa. Masu tsoron naziri zai ci amana kuwa, alƙali yana da ikon tuɓe naziri.

Shawarwarina huɗu ne. Na ɗaya, hukumomin zakka da wakafi, irin na Kano da Sakkwato da Zamfara, su buɗe rajista ta musamman domin wakafin daji da gona da fili, kada su tsaya ga masallatai da shaguna. Na biyu, kowace masarauta ta kafa amintattu masu rajista, a sa manomi da makiyayi da mace mai tara makamashi a cikinsu, a auna hurumi da burtali da kududdufin da suka rage, a kafa musu duwatsun iyaka. Na uku, gandun da hukuma ta kasa tsarewa ta danƙa shi ga amintattun garuruwan da ke kewaye da shi, su ci moriyar zuma da ɗorawa da busasshen itace, su ba da lissafi duk shekara a bainar jama'a. Na huɗu, jami'o'inmu su haɗa ɗaliban shari'a da na gandun daji a darasi guda.

Ina kira ga attajiranmu da malamanmu: wanda Allah ya hore wa fili a bakin gari, ya tsare wani yanki nasa saboda Allah tun yana da ikon sa hannu, limamai kuma su karantar da babin wakafi a kan mumbari kamar yadda suke karantar da na zakka. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.